Rijiyar Burgu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, Iya, mu ga inda za ta sauka.

To, mai gyangyaɗi ya tashi tun yanzu, don ni ba na maimaita magana. Kai Sallau, sauke ƙafarka daga kan tuluna. Da ƙyar aka samo ruwan nan, kuma a kan ruwa tatsuniyar take.

Wata shekara aka yi fari a dawa. Akwai wani garin dabbobi ana ce masa Kwarin Tsamiya, tafkinsu ya ƙafe har ƙasan ya tsattsage. Shara ta taru a bakin kowane gida, ƙudaje suka kafa nasu garin a cikin gari. Mai son ruwa sai ya yi sammako ya tafi gulbi, ba zai dawo ba sai rana ta karkata.

A garin akwai wata tsohuwa, Gafiya, ƙafarta ɗaya ta shanye. Ɗanta guda ne, Burgu, ƙato mai kumatu kamar an cusa masa goruba, ga wayo, ga haɗama, ga son jiki. Ita ke jan ƙafa ta je gulbi, shi ke shanye ruwan.

Ana nan, sai Giwa, mai riƙe da rumbun jama'a inda kowa ke zuba nasa da kaka, ta sa Hankaka ya yi shela.

"Za a buɗe rumbu! An kasa tallafi kashi uku. Na haƙa rijiya, a ga Balbela. Na ramin zuba shara, a ga Ungulu duba-gari. Na kare dabbar da irinta ya kusa ƙarewa, a ga Mujiya. Garin da ke da buƙata ya turo mai aiki!"

Duk Kwarin Tsamiya ba wanda ya kai Burgu iya haƙa, in ya ga dama. Sai aka ce ya je ya karɓo na rijiya. Uwarsa ta riƙe hannunsa ta ce, "Ɗan nan, ka haƙa mana ita kusa, ƙafar nan ba za ta kai wani rani ba."

Ya ce, "Inna, ki ɗauka kin sha."

Da ya isa bakin rumbu sai ya lura da wani abu. Masu rabon nan uku ba sa ga maciji. Balbela ta ce Ungulu ƙazama ce, Ungulu ta ce Balbela girman kai ya yi mata yawa, ita kuwa Mujiya barci take yi da rana, ba ta san wainar da ake toyawa ba. Burgu ya shafa gemu. Ya shiga wajen Balbela ya karɓi kwangilar rijiya, aka ɗora masa gero. Ya zagaya wajen Ungulu ya karɓi ta shara, aka ɗora masa gyaɗa. Ya tashi Mujiya daga barci ya ce ai a garinsu akwai wata halitta ana ce mata Ɗan-saura, shi kaɗai ya rage a duniya. Mujiya ta ce, "Allah sarki!" Ta ba shi aya da riɗi, ta koma barcinta.

Ya dawo gari ya haƙa rami ɗaya a gindin tsamiya, zurfinsa bai kai ya ɓoye akuya ba. Ya yi masa wata 'yar kafa ta baya, ta guduwa. Sannan ya shige ya zauna wa hatsi.

Gafiya ta leƙo. "Burgu, rijiyar fa?"

"Aiki yana tafiya, Inna."

Mutanen gari suka leƙo. "Burgu, rijiyar fa?"

"Aiki yana tafiya."

Abin da ke tafiya kuwa haƙoransa ne.

Ran nan aka ce Balbela na zuwa duba aiki. Burgu ya tari uwarsa a hanya, ta dawo daga gulbi tana haki, ya sauke mata tulu kamar ɗan kirki. Ya wuce da shi ya juye a wani kasko da ya ajiye a ƙasan ramin. Ranar tsohuwar nan da busasshen maƙogwaro ta kwana. Ni dai duk lokacin da na zo nan raina ɓaci yake yi.

Balbela ta iso da farin mayafinta, ta tsaya can nesa kada laka ta taɓa ta. Ta ce, "Akwai ruwa?"

"Ranki ya daɗe, jefa tsakuwa ki ji."

Ta jefa. Tsulum!

Ta ce, "Madalla, rijiya ta yi."

Da aka ce Ungulu na tafe, sai ya kwaso shara, ɓawon gyaɗa da ruɓaɓɓen ganye da abin da ba a faɗa ana cin abinci, ya antaya a kan kaskon. Ungulu ta sauka ta shaƙa, ta lumshe ido.

Ta ce, "Madalla, bola ta yi. Na daɗe ban ji wari mai tsari irin wannan ba."

Saura Mujiya. Ita da tsakar rana ya gayyato ta, lokacin da ba ta bambance tururuwa da raƙumi. Ya ce, "Ranki ya daɗe, tsaya nan, ni zan ja baya, Ɗan-saura ba ya son taro." Ya zagaya ya shige ta kafar baya, ya yi birgima a cikin dagwalo, ya manna fuka-fukan kaza da ɓawon gyaɗa a jiki, ya leƙo ya ce, "Huuu, ni kaɗai na rage!"

Mujiya ta fashe da kuka. Ta ce daga yau duk wanda ya taɓa ko gashi ɗaya na wannan bawan Allah, doka ta hau kansa.

Da Burgu ya tsaya nan da ya sha. Amma hatsi ya ƙare, ciki bai ƙare ba. Sai ya sake komawa bakin rumbu, wai a ba shi na gyara. Rijiya na son murfi, bola na son shinge, Ɗan-saura na son ƙarin riɗi. Magana ta kai kunnen Giwa. Ta ce, "Wane gari ne wannan mai himma haka? Ni da kaina zan je in buɗe ayyukan nan, duka rana ɗaya."

Burgu ya ji cikinsa ya ɗuri ruwa, shi kaɗai ne ruwan da aka samu a wannan kwangila.

Ranar ta zo. Aka yi kiɗa, aka yi buɗa, ga Giwa a gaba, ga Kura dogariyarta a baya tana lasar baki. Burgu ya faɗa rami ya ɓoye, da niyyar in ta yi zafi ya sulale ta baya. Giwa kuwa garin neman inuwa ta taka daidai kan kafar bayan nan, kafar ta rufta. Ko sani ba ta yi ba.

Balbela ta nuna ramin ta ce, "Ranki ya daɗe, ga rijiyata."

Ungulu ta ce, "Rijiyar wa? Bolata ce."

Mujiya ta ce, "Ku rage murya, gidan Ɗan-saura ne."

Giwa ta zura hanci a ramin, ta fizgo shi tana atishawa. Ta ce, "Ina Burgu? Kura, nemo shi. In kin same shi naki ne."

Kura ta sunsuna ta sunsuna, ta nufo ramin. Burgu ya ga mutuwa da ido. Nan da nan ya yi birgima a dagwalo, ya manna fuka-fukansa, ya leƙo.

"Huuu, ni kaɗai na rage!"

Mujiya ta buɗe fiffike ta tare Kura. "Kada ki kuskura! Doka!"

Giwa ta ce, "Kai halitta, ina mai haƙan ramin nan?"

Ya ce, "Huuu, na cinye shi."

"Ka cinye shi?"

"Da safen nan. Bai ma yi daɗi ba."

Masu rabon nan uku suka dubi juna, karo na farko tun da aka halicce su. Kowacce ta gane an yi mata wayo, kuma kowacce ta gane in ta faɗa, kujerarta ta tafi. Sai Balbela ta gyara mayafi ta ce, "Ranki ya daɗe, ai wannan sabon tsari ne. Rami ɗaya, aiki uku."

Ungulu ta ce, "Tattali ke nan."

Mujiya ta ce, "Marigayi ya yi ƙoƙari."

Giwa ba ta gamsu ba. Ta duba taro ta ce, "Ina uwar Burgu?" Aka matso da Gafiya tana jan ƙafa. Giwa ta ce, "Tsohuwa, dubi abin nan da kyau. In ɗanki ne ya yi shiri, ki faɗa. Kura ta ɗauke shi, ni kuma in sa a haƙa muku rijiya ta gaske daga abin da ya rage a rumbu. In kuwa ba shi ba ne, to garinku ya samu nasa, sauran hatsi ya wuce zuwa garin Dutsen Gawo."

Gafiya ta leƙa. Laka ta rufe komai, amma ga bakin wutsiya nan fari fat ya leƙo ta ƙarƙashin shara. Ita ta haifi wutsiyar nan, ita ta sha lashe ta. Ta dubi mutanen gari, leɓunansu duk sun farfashe. Ta dubi Kura, miyau na zuba. Ta dubi ƙafarta.

Ta ce, "Ban san shi ba."

Kada wanda ya tambaye ni ko ta yi daidai. Ni ma uwa ce, kuma ni ma ina jin ƙishirwa.

Shi ke nan aka yi tafi, aka yi addu'a ga marigayi Burgu. Aka kewaye ramin da shingen ƙaya. Aka hana ƙara haƙa, kada a firgita Ɗan-saura. Aka hana kwashe shara, wai ita ce abincinsa. Aka zaunar da Kura gadi a bakin shinge, ana ba ta ladanta daga rumbu. Hatsin da ya rage ya wuce Dutsen Gawo, don kowa ya shaida Kwarin Tsamiya na da rijiya.

Rani ya ƙara tsanani. Mutanen gari suka koma wajen Balbela suka ce ƙishirwa za ta kashe su. Ta ce, "Ku da kuke da rijiya? Ni da kunnena na ji tsulum." Sai suka fara ɗaure kaya, yau gida ɗaya, gobe gida biyu, har gari ya zama kufai.

Gafiya ce ta ƙarshen tashi. Ta biyo ta gindin tsamiya da 'yar gorarta, Kura na kwance tana kallonta da ido ɗaya. Ta zura hannu ta cikin ƙaya, ta tsiyaya ɗan ruwan da ya rage mata a bakin ramin. Burgu ya lashe, ya lashe ƙasar ma. Ya ɗago kai ya ce a hankali, "Inna."

Ta ce, "Yi shiru, ana jin ka. Ni ɗana an cinye shi."

Ta juya tana jan ƙafa, ta bi sawun mutane. Ko ta kai gulbi ko ba ta kai ba, wanda ya ba ni labari bai faɗa mini ba.

Burgu dai ya tsira da ransa, ba wanda ya taɓa ko gashinsa. Shi ya sa har yau in kun ga burgu, a rami za ku gan shi kusa da juji, kumatu cike, yana leƙe yana komawa, yana jira Kura ta tashi daga gadi. In kun kasa kunne kuma za ku ji yana cewa shi kaɗai ya rage, kuma yanzu gaskiya yake faɗa.

Ƙurunƙus, na ɗaure ta a wutsiyar burgu. Darasinta kuwa, in kun girma aka ba ku kwangila uku kuka ga lallai sai kun cinye, to don Allah ku haƙa kafar baya nesa da inuwa. Sallau, miƙo mini moɗa, kuma kada ka cika ta.