Yadda Aka Yi wa Bindiga Kube

Tsofaffin da suka karɓi wannan labari daga bakin nasu tsofaffin sun ce, a zamanin da giwa ke kiwo inda yau ake shuka dawa, akwai wani ƙungurmin daji a kudancin ƙasar Hausa da ake kira Dajin Mikiya. Ba gari a cikinsa, ba ƙauye, sai hanyar fatake guda ɗaya da ta ratsa shi kamar tsagar kitso. A cikin wannan daji wani maharbi mai suna Ƙosau ɗan Gwamma ya kafa bukkarsa.

Ƙosau gwanin baka ne. An ce yana da layar da idan ɓauna ta taso masa sai ya rikiɗe ya zama suri, ta zo ta sansana ta wuce. Maroƙa kan yi masa kirari: "Ƙosau na Gwamma, inuwar dawa! Kura ta ga sawunka ta kwana da yunwa!" Amma abin da aka fi saninsa da shi ba harbi ba ne, son sani ne. In ya kashe dabba sai ya buɗe tumbinta ya ga abin da ta ci. Yakan wuni a tsugune bakin ramin tururuwa don ya ga inda suke kai hatsin da suka ɗauko. Har mutane suka riƙa cewa tambayar Ƙosau ta fi kibiyarsa tsini.

Wata rana da tsakar rani, sama garau ba ko ɗigon girgije, sai ya ji tsawa ta faɗi ta wajen hanyar fatake. Tsuntsaye suka tashi, birai suka watse. Da wani ne da ya nemi mafaka. Ƙosau kuwa ya saɓi baka ya nufi wurin, don bai taɓa jin tsawa da rani ba.

Ya tarar da ayarin fatake a hargitse. Jakuna sun tarwatse, goro ya zube a ƙasa, ga wata ɓauna tana tunkarar wani mutum da ke riƙe da dogon sanda mai fitar da hayaƙi. Ƙosau ya sakar mata kibiya mai dafi. Ta juyo kansa a fusace, ta neme shi ta rasa, ta yi ta zagayen wani suri da ba wanda ya lura da shi a da, har dafi ya kama ta, ta durƙushe.

Madugun ayarin, wani dattijo mai suna Barmo, ya sauko daga bishiyar da ya haye, ya ce, "Maharbi, faɗi ladanka. Goro kake so, ko gishiri, ko zane?"

Ƙosau ya ce, "Wancan sanda mai hayaƙi nake so."

Madugu ya yi dariya. "Bindiga sunanta, daga bakin teku ta fito. Kai da ka ga ta kuskure, kibiyarka ta samu, me za ka yi da ita?"

"Ina so in san inda take ɓoye tsawarta."

Madugu ya ba shi ita, da ƙahon albarushi da 'yar jakar harsashi, ya nuna masa yadda ake ɗura ta. Da za su rabu ya ce, "Ka kula. Karenka ya san ka, dokina ya san ni. Wannan kuwa ba ta san ubangidanta ba."

Ƙosau bai harba ta ba tukuna. Ya ɗauke ta ya kai wa amininsa Tunau, maƙeri a wani ƙauye da ke bakin dajin. Tunau ya ja da baya ya ce aljani ne a ciki. Ƙosau ya ce, "To, mutumina, mu buɗe mu gaishe shi." Suka kwance ta gaɓa-gaɓa a kan buzu. Ba su sami aljani ba. Ƙarfe suka samu, da itace, da dutsen ƙyastu, da maƙyasti mai dukan dutsen ya ba da wuta, da wani ɗan haƙorin ƙarfe da ke riƙe da maƙyastin har sai an ja kunamar bindigar. Suka mayar da ita, suka sake kwancewa, har Tunau ya iya haɗa ta yana hira.

Damina ta koya musu saura. Albarushi ya sha danshi ya ƙi kamawa, tsatsa ta hau bututun kamar ƙuraje. Ƙosau ya yi ta gwaji har ya gane cewa bindiga tana son wanka da ruwan zafi bayan harbi, a tsane ta da tsumma, a shafe ta da man kaɗe, a ajiye ta nesa da murhu da raɓa. Yakan ce bai taɓa ganin abu mai ƙarfin murya da raunin jiki kamarta ba.

A tsakiyar dajin akwai wata fadama mai albarka wadda wani toron giwa ya hana kowa noma. Da bindigar nan Ƙosau ya kayar da shi. An ce inda gwiwoyinsa suka daki ƙasa sai ruwa ya ɓuɓɓugo, ya zama tafkin da ba ya ƙafewa. Labari ya bazu. Manoma suka zo, masaƙa suka biyo, Tunau ya ɗauko maƙerarsa, fatake suka mayar da wurin zango. Kafin a jima kasuwa ta kafu, aka ɗora Ƙosau a kan shugabancin sabon garin, ana ce masa Sarkin Dawa.

To, abin da ya yi wa mutum ɗaya suna, kowa sai ya so shi. Fatake suka riƙa kawo bindigogi, mafarauta suka jingine baka. Bindiga ta zama ado. Da ita ake zuwa kasuwa, da ita ake zuwa suna da biki, a ɗure, don a nuna ana shirye. Masu riƙe ta suka yi yawa, masu wanke ta kuwa ba su cika tafin hannu ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi, wani maharbi mai suna Jatau ya jingine tasa a jikin dirkar rumfa ya tafi cinikin igiya. Yana can nesa, ba mai hannu a kanta, sai ta tashi. Harsashi ya sami wata mai sayar da tukwane, Hakama, a cinya. Ta faɗi cikin tukwanenta, jini na malala.

Hakama ƙanwa ce ga Bagudu, shi ma babban maharbi ne mai dangi da yawa. Kuma kowa ya san Bagudu da Jatau sun taɓa sa-in-sa kan iyakar gona. Nan da nan magana ta zaga gari cewa Jatau ne ya yi wa bindigar asiri, ya aike ta daga nesa. Dangin Bagudu suka ɗura nasu, dangin Jatau ma suka ɗura. Mata suka fara ɗaure kaya. Garin da bai gama tsayawa da ƙafarsa ba ya kama hanyar tsagewa biyu.

Ƙosau ya tafi gidan da ake jinyar Hakama. Ya tarar da Bagudu a ƙofa yana huci. Daga cikin ɗaki Hakama ta yi magana, murya a raunane.

"Yaya, ka dakata. Jinin Jatau ba zai mayar mini da nawa ba." Sannan ta ce wa Ƙosau, "Baba, ni na ga abin da idona. Akuya ce ta goga jikinta da dirkar. Ina so in san yadda akuya ke harba bindiga."

Ƙosau ya ce, "Ni ma, 'yata, abin da ya hana ni zama ke nan." Ya roƙi Bagudu ya ba shi zuwa kasuwa mai zuwa. Bagudu ya amince, ba don ransa ya so ba.

Ƙosau da Tunau suka kwance bindigar Jatau. Suka ga ɗan haƙorin nan da ke riƙe da maƙyasti tsatsa ta cinye shi, bai riƙe komai ba sai da ƙyar. Ƙosau ya san in ya faɗa da baki za a ce yana kare Jatau ne. Don haka ran kasuwa ya tara gari a fili, ya sa aka kafa turke. Aka ɗauko Hakama a kan gadon kara aka ajiye ta a inuwa. Ya zuba wa bindigar Jatau albarushi kawai ba harsashi, ya jingine ta a turken baki sama, ya sa kowa ya ja baya. Ya ɗauki doguwar gora ya ɗan zunguri turken. Bindiga ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe.

Bagudu ya ce, "Asirin ne bai sake ta ba."

Ƙosau ya ce, "Mai yiwuwa. Miƙo taka mu gani."

Bagudu ya miƙa da gadara. Aka yi mata yadda aka yi wa ta farko. Gora na taɓa turke, ita ma ta tashi. Bagudu ya tsaya yana kallon abin da ya saba saɓawa ya ratsa tsakar gidansa, inda 'ya'yansa ke wasa, sai ya zauna a ƙasa. Aka ci gaba da gwada na saura. Waɗansu suka riƙe, da yawa ba su riƙe ba. Mazajen da suka zo da shirin faɗa suka koma leƙen bindigogin juna suna tambayar Tunau.

Sai Hakama ta nemi a ɗaga ta. Ta ce, "Iyayena, ina da tambaya. Wuƙa tana da kube. Kibiya tana da kwari. Kare mai cizo yana da igiya. Ita wannan da ta fi su duka ɓarna, ina kubenta?"

Wani daga cikin taro ya ce, "To, namiji ya yi yawo hannu banza? In mahara suka zo fa?"

Ta ce, "Mahara ta bakin gari za su zo, ba daga cikin tukwanena za su fito ba."

Sai Ƙosau ya miƙe ya nufi wani babban marke da ke mashigar gari, jama'a na biye. Ya harba tasa sama ta zama fanko, ya toshe bakinta da tsumma, ya rataye ta a reshe. Ya ce, "Ga kubenta. Daga yau bindiga ba ta wuce wannan itace, tawa ce ko ta baƙo. Daji nata ne, gari namu ne." Bagudu ne ya bi bayansa. Jatau kuwa aka yanke masa ya noma gonar Hakama har ta warke, don sakaci ma laifi ne ko ba niyya. Bindigarsa kuwa Tunau ya narkar da ita ya ƙera fartanya, da ita ya yi noman.

Hakama ta rayu, amma da ɗingishi. Tunda ba ta iya ɗaukar tukwane zuwa kasuwa kuma, sai aka yi mata rumfa a gindin marken, aka damƙa mata tsaron bindigogi. Ita ta ƙara wa dokar abin da mazan ba su yi tunani ba. Duk wanda ya zo karɓar tasa idanu jajir don fushi, ko yana tangaɗi da burkutu, ba ta ba shi. Sai ta shimfiɗa masa tabarma, ta miƙa masa ruwa a ƙwarya, ta tambaye shi lafiyar iyali har zuciyarsa ta sauka. Ba ta yarda a ari bindiga ba, kuma ko ta gado ce, sai dattawa sun shaida hankalin magajin kafin ta sakar masa.

Ƙosau ma ya kafa tasa al'adar. Kowace shekara bayan kaka, a taru a gindin marken a yi abin da ya kira wankan bindiga. A kwance kowace, a wanke, a shafa mai, maƙera su duba. Wadda ta tsira a ɗaura mata jan zaren fata a wuya, wadda ta kasa a kai ta maƙera ta zama kayan noma. An ce har ya tsufa shi ne ke fara isowa, yana leƙa cikin sababbin bindigogin da fatake suka kawo, yana tambayar me ya bambanta su da na da. Wata kaka ya rataye tasa ya shiga daji da baka kawai, ba a sake ganinsa ba. Waɗansu sun ce ajali ne ya same shi. Mafarauta kuwa sun ce wani abu ya hango bai gane ba, ya bi shi.

Garin ya ɗauki sunansa daga al'adar rataye bindiga, ana kiransa Marataya. Da zamani ya juya, hukuma ta zo da nata dokoki na izinin mallakar bindiga, mutanen Marataya suka karɓa ba gardama, don ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Amma ko mai takardar izini, in ya iso bakin gari, sai ya sauke ta daga kafaɗa. Marken yana nan, ya yi ƙaton gindi, rassansa sun yi sulɓi saboda gugar igiya. Har yau mace ce ke zama a rumfar, daga zuriyar Hakama, ana ce mata Uwar Rataya. Kuma a garin nan, in mutum ya shigo taro da zafin rai, ko da ba ya riƙe da ko tsinke, sai wani dattijo ya dube shi ya ce, "Koma marke ka rataye, sannan ka zo mu yi magana."