Gurasar da Aka Binne a Rairayi

Dalilin da ya sa matan unguwarmu suke bubbuga gurasa sau uku da tafin hannu kafin su gutsura, alhali ba toka ba ƙasa a jikinta, labarin wata kakarmu ne mai suna Tabawa. Ku matso ku ji.

A da ba a yin haka. Tabawa mai sayar da fura ce, ta auri wani Buzu mai fataucin gishiri, Agali, wanda ya shekara uku yana sayen furarta ko ba ya jin yunwa. Da aure ya shekara, sai ya ɗauke ta zuwa Azbin ta gaida mahaifiyarsa, Tekna. Tsohuwar ba ta zo biki ba, ko zare ba ta aiko ba, kuma Agali ba ya ƙetare maganarta. Tabawa ta sani sarai, in tsohuwa ta ce a'a, aure ya ƙare.

Da hantsi suka isa. Bayan an gaisa, Tabawa ta hango Tekna ta kwaɓa gari, ta ture garwashi gefe, ta tona rami a rairayi, ta saka ƙullin, ta rufe, bakinta yana motsi. To a garin su Tabawa, abu ɗaya ake binnewa ana motsa baki.

"Shi ke nan," ta ce a ranta, "farraƙu za a yi mana."

Da aka kawo abincin a akushi, an marmashe shi da man shanu, sai ta ce cikinta ke ciwo. Kashegari ta ce azumi take. Rana ta uku Agali ya same ta a inuwar tanti, fuskarsa ba walwala.

"Tabawa, a wurinmu wanda ya ƙi abincin gida kwana uku ba ɗan gida ba ne. Me ke damunki?"

Hawaye ya zubo mata. "Maigida, da idona na ga Inna ta binne shi tana tofi."

Ashe Tekna tana bayan tanti, kuma tana jin Hausa. Ta ɗaga murya.

"Zo nan, 'yar Hausa."

Tabawa ta je ta durƙusa. Tsohuwa ta nuna mata inda ta binne ƙullin ranar, ta miƙa mata sanda ta ce ta tono da kanta. Ta tono, sai ga gurasa fankamemiya, ta yi ja, ƙamshi na tashi. Tekna ta karɓa ta bubbuga ta sau uku.

"Na farko don rairayi, na biyu don toka."

"Na ukun fa, Inna?"

"Godiya. Ba mu da tanda, itacenmu kaɗan ne. Ƙasa ce ke ara mana zafinta."

Tabawa ta sunkuyar da kai. "To me kike karantawa in kina rufewa?"

Tsohuwa ta kau da fuska, ta gyara mayafi. "Roƙon Allah nake kada ta ƙone. An ce ku Hausawa kun iya girki. Kwana uku ban ci da daɗi ba, ina cewa raina abincina kika yi."

Kunya ta rufe Tabawa. Ta karɓi gurasar da hannu biyu, ta gutsura, ta tsoma a nonon raƙumi. Bayanta ƙamas, cikinta taushi, da ɗanɗanon hayaƙi. Wata 'yar tsakuwa ta yi ƙaras a haƙorinta, ta haɗiye ba ta tofar ba. Sai da ta cinye tas, har ta leƙa akushi.

Tekna ta yi dariya ta dubi ɗanta. "Kai, tashi ka ba mu wuri. Ni da 'yata za mu kwaɓa wata."

Wata biyu Tabawa ta yi a Azbin. Da ta dawo gida, ko a tanda ta gasa gurasa sai ta bubbuga ta sau uku, 'ya'yanta suka gani suka ɗauka.

Shi ya sa har yau, a unguwar nan, ba mai gutsura gurasa bai bubbuga ba. Rairayi da toka sun zauna can Azbin, godiyar ce ta biyo mu gida.