Ɗan da Ya Bi Gangar Masu Wucewa

Akwai wani mutum mai 'ya'ya biyu maza. Gonar ƙaramin tana bayan gida, ta babban kuwa tana can cikin daji, inda ciyawa ta fi mutum tsawo. Kullum da yamma uban yakan buga ganga a ƙofar gida, su bi sautin su dawo.

Wata rana waɗansu makaɗa suka bi ta gefen dajin, za su biki a wani gari. Ba su shiga gonar kowa ba. Kiɗansu kawai suke yi, suka wuce.

Da yamma uban ya buga tasa gangar, ƙaramin ya dawo. Babban shiru.

Gari na wayewa uban ya bi sawunsa. Sawun ya miƙo gida sosai, sai a gindin wata ɗorawa ya ɗan karkata hagu. Uban ya yi ta bi har bakin wani kwazazzabo, ya leƙa, sai ga ɗansa kwance, ƙafa a karye.

Ya yi kururuwa, ya ce, "Wayyo ɗana! Me ya kawo ka nan?"

Ɗan ya ce, "Baba, ai gangarka nake bi."

Uban ya riƙe baki. Ya ce, "Tawa? Gida fa yana bayanka!"

Ya sauka, ya goyo shi, yana kuka.

Ma'anar wannan misali ita ce, mai nisa ba shi da wuyar karkatarwa. Masana sun ce akwai tauraruwa mai wutsiya wadda takan yi dubban shekaru kafin ta zagayo rana. Can ƙarshen tafiyarta, jan da rana take mata yakan raunana ƙwarai. Idan wani tauraro ya gifta, ko bai matso kusa ba, ɗan jansa ya isa ya sauya mata hanya. Wata takan gangaro wajen rana, wata kuwa ta ɓace har abada.

'Yan'uwa, uban shi ne Ubangiji, gangar kuwa Maganarsa ce. Ƙaramin ma ya ji baƙon kiɗan, amma na ubansa ya fi ƙarfi a kunnensa. Babban bai yi tawaye ba, nisa kawai ya yi. Wanda ya bar addu'a da taron sujada, ba sai Shaiɗan ya zo da kansa ba. Aboki mai wucewa ma ya isa. Abin tsoron shi ne, zai tafi yana rantsuwa muryar Allah yake bi.

Yaushe rabonka da buɗe Littafi Mai Tsarki?