Ladanin da Aka Ce Ya Sha

Ku gyara zama, yau babu dariya a bakina.

Malam Haladu ladani ne a wani gari, muryarsa ke tada mutane salla. Da ya manyanta sai ya fara tangaɗi, hannunsa na fizga, harshensa na karyewa. Kun san bakin mutane. Aka ce ladan ya fara shan burkutu a ɓoye, aka hana shi kiran salla. Matarsa Iya Kyauta ta san ko goro ba ya ci, amma wa zai saurare ta? Sai dab da rasuwarsa wata likita ta ce ciwo ne mai cin jijiya sannu a hankali, yana bin jini, ba a samo maganinsa ba tukuna. Ya rasu da sunan mashayi, wannan ya fi mutuwar yi wa Iya ciwo.

'Ya'yanta uku suka ƙudurta tara gudummawa da sunan ubansu, a ba likitocin da ke binciken ciwon.

Babban, Lawandi, ya miƙe ranar sadakar arba'in ya faɗi abin da gidan ke ɓoyewa. "Babanmu bai sha komai ba. Ciwo ne, kuma a jininmu yake." Ba don ya faɗa ba, da babu mai ba da ko sisi. Kafin sati ya zagayo, dangin saurayin 'yarsa suka aiko a mayar musu da kayansu.

Mai bi masa, Sallau, tela ne. Ya sayar da kekensa ya fara zubawa, sannan ya bi kasuwanni yana roƙo, mutumin da ko gishiri bai taɓa roƙa ba. Aka kore shi, aka kira shi ɗan mashayi, bai fasa ba sai da kuɗin suka isa.

Likitoci suka ce kuɗi kaɗai ba sa bincike, sai da jinin ɗan gidan. Mazan suka ja da baya. Autarsu Tabawa, mai goyo, ta miƙa hannu. Da sakamako ya fito, ta dawo ta zauna gaban uwarta ta ce, "Iya, ina da ciwon." Iya ta karɓi jaririn ta goya.

Aka fara bincike da sunan Malam Haladu, labari ya cika gari, kunya ta kama kowa. Liman ya zo ya durƙusa a zaure, kansa a ƙasa.

"Iya, mun zalunci bawan Allah, kuma ba ya nan balle mu roƙe shi. Zaɓo mana ɗaya cikin 'ya'yansa ya tsaya a madadinsa. In ya yafe, mun tsira. In ya ƙi, mu je da shi lahira."

Iya ta dubi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya.

To jama'a, wane ne a cikinsu ya fi cancanta ya yafe, ko ya ƙi?