Injin Lambu da Riƙon Talle

Kai Sallau, ajiye sifanar nan, motar ba guduwa za ta yi ba. Ku matso inuwa. Tun safe kuka cika mini kunne da musun wane ne ginshiƙin garejin nan, mai kayan aiki ko mai ɗaure noti ko mai riƙe sitiyari. To ga labari, in na gama sai ku yi musun da dalili.

Can arewa, inda ƙasar noma ta ƙare rairayi ya fara, akwai wani zango da ake kira Rijiyar Ƙaya. Gidaje kaɗan ne, da rijiya ɗaya mai zurfi, da lambu ɗaya. Manyan motoci masu ƙetare hamada sukan tsaya su sha ruwa su wuce, wani lokacin kuma a daɗe ba a ji kukan ko ɗaya ba. Daga zangon zuwa garin da ke da asibiti hanya biyu ce. Ta manyan motoci tana zagaye tuddan rairayi, tafiyar kwanaki. Ɗayar kuwa ratse ne ta kan tuddan, rabin wuni ya isa, amma duk mota mai nauyi da ta shiga nan za a bar ta.

Saboda wannan ratsen ne wani bakanike, Malam Ɗan'azumi, ya ƙera wata mota da hannunsa. Bututun ƙarfe ya harhaɗa, ya sa kujera biyu, da tayoyi masu faɗi, da inji a baya. Ba ƙofa, ba rufi, ba gilashi. In ka gan ta sai ka ce gadon ƙarfe ne aka sa wa ƙafafu, shi ya sa mutane suka raɗa mata Ƙwarangwal. Ku dai yi dariya, amma a kan rairayi babu motar da ke ganin ƙurarta. Bayan rasuwar malamin injinta ya buga, aka tura ta ƙarƙashin rumfa, kaji suka mai da kujerunta wurin yin ƙwai.

Malamin ya bar 'ya'ya maza uku da mace ɗaya. Babban, Nomau, shi ne mai lambun. Na biyu Cindo, wanda aka haifa da yatsu shida a hannun dama, shi ya gaji aikin ubansu, kuma direbobi sukan ce yatsan nan na shida shi ke kai wa notin da kowa ya kasa kaiwa. Na uku Barmo, direba, ya san tuddan nan kamar tsakar gidansu. Autarsu Tsahara. Uwarsu ta rasu tana ƙarama, don haka su ukun suka raine ta, kowa na ɓata ta da nasa salon. Ta yi aure, mijin ya tafi haƙar zinariya rami ya rufta da shi, ta dawo gida da tsohon ciki.

A tsakiyar bazara naƙuda ta kama ta, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Gwaggonsu Hajo, ƙanwar ubansu, ita ce ungozomar zangon. Ta yi duk abin da ta sani, da gari ya waye ta fito ta sami mazan a ƙofar gida.

Ta ce, "Ɗan nan a gicciye yake. Wannan ya fi ƙarfin hannuna. In ba ku kai ta asibiti yau ba, ku fara neman likkafani."

Babu babbar mota a zangon, ko da akwai ma kwanakin hanyar ba su da su. Sai duk suka juya suka dubi rumfar da Ƙwarangwal ke kwance.

A zangon nan kaf inji ɗaya ne mai rai, shi ne na Nomau. Tsohon injin ƙaramar mota ne da ya girka a bakin rijiya, yana jawo ruwa zuwa lambu. Da shi yake shayar da albasa da alkama, da 'yan dabinon da ya dasa shekaru yana lallaɓawa, waɗanda a daminar da ke tafe za su fara 'ya'ya. Da lambun nan yake ciyar da matarsa da yaransa. Ya san rijiyar ta yi zurfin da guga ba zai iya shayar da lambu ba, ya kuma san injin da ya saba zama wuri ɗaya in aka hau tuddai da shi a zafin nan ba zai dawo ba. Babu wanda ya roƙe shi, don babu mai fuskar roƙon. Shi da kansa ya ce a kwance injin a sa wa Ƙwarangwal. Sai dai kafin ya kashe injin, zuciyarsa ta kasa. Ya ce a dakata ya ba dabinon ruwa na ƙarshe. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ruwa na malala yana hawaye, har sanyin safiya ya wuce. Sannan ya kashe injin, ya kwance notin farko da hannunsa.

Daga nan aiki ya koma hannun Cindo. Ku masu sana'a kun sani, inji ba riga ba ne da za a cire wa wannan a sa wa wancan. Ƙafafun injin lambun ba su zauna a mazaunin tsohon ba. Babu wuta a zangon, sai ya tattaro batiran da direbobi suka bar masa gyara, ya jona su, ya yi walda da su, ya yanke nan ya ƙara can har mazaunin ya yi daidai. Saura ɗaga injin a zura shi, sandar giya ta shiga cikin kuloc. Suka kafa itatuwa uku suka haɗa kansu a sama, Cindo ya ce a ɗauko igiyar rijiya. Igiyar nan tun suna yara suke ganin tana jawo wasaki cike da ruwa, a ransu ba ta tsinkewa. Babu wanda ya tuna cewa tun da aka kawo inji ba a sake jiƙa ta ba, tana rataye a rana har ta bushe ta rube ta ciki. Injin na lilo, Cindo na tsugune yana saita shi, sai ya ji igiyar ta fara ƙara. Yana da damar janye jikinsa. Amma in injin ya faɗi a kan ƙarfe, tukunyar baƙin mai za ta fashe, ke nan an gama. Sai ya zura hannun dama a ƙarƙashi. Injin ya sauka a kan hannun, bai fashe ba. Cindo ya suma, aka yi ta yayyafa masa ruwa, rana kuma na ƙara hawa. Da ya farfaɗo, ya sa aka naɗe hannun da tsumma, ya ƙarasa aikin da hagu, yana gaya wa Nomau inda zai danna. Da injin ya tashi, Barmo ya ce Cindo ya hau a kai shi asibiti tare. Cindo ya ce kujera biyu ce, kuma ƙarin mutum ɗaya zai nutsar da motar a tudu na farko. Ya zauna a gindin rumfa yana kallo suka tafi.

Saura Barmo. Aka kwantar da Tsahara a kujera, aka ɗaure ta da zane don kada ta faɗo, aka sa musu salkar ruwa. Ya warware rawaninsa ya ɗaura a kan bututun ya yi mata inuwa, shi ya bar kansa da fuskarsa a rana. Duk direban hamada ya san kafin ka hau rairayi sai ka rage iskar taya ta baje. Yaro ma ya san wannan. Amma Barmo na jin nishin ƙanwarsa a gefensa, ya manta. A tudu na farko tayoyin suka nutse. Ya sauko ya yi ta tono da hannu, rairayin na ƙona shi, yana zagin kansa, har ya fitar da ita. Daga nan bai sake kuskure ba. Ya bi bayan tuddai inda iska ta danne rairayi ya yi tauri, ya kauce wa ramukan da ba a gani sai an faɗa, wuraren da ni da ku za mu yi ta zagaye wuri ɗaya har mu mutu. Can injin ya yi zafi ya fara tafasa. Ka'ida a jira ya huce, amma babu lokacin jira. Ya buɗe murfin lagireto, tururi ya watso masa a fuska. Idon dama ya rufe nan take. Ya jiƙa wa Tsahara leɓe, ya juye sauran ruwan salkar a lagireto, shi bai kurɓa ba. Ya ci gaba da ido ɗaya, iska na cika masa shi da rairayi, ba halin runtsewa. Ana hango rufin gidajen gari injin ya yi wata ƙara ya tsaya, tsayawar da ba tashi. Barmo ya goya Tsahara kamar yadda yake goya ta tana ƙarama, ya ƙarasa da ƙafa, yana bin kiran sallar magariba da kunne don garin ya riga ya zama masa hazo.

An yi mata aiki, an ciro ɗa namiji da rai. Ita kuwa jini ya riga ya ƙare mata. Ta buɗe ido, aka nuna mata yaron, ta taɓa ƙafarsa, shi ke nan. Likitan ya ce da an kawo ta da wuri kaɗan, da wataƙila an samu duka biyun. Ba da mugunta ya faɗa ba, amma maganar ta isa Rijiyar Ƙaya, kuma kowanne cikin ukun ya ɗauke ta a matsayin tasa. Nomau ya tuna ruwan dabino, Cindo ya tuna igiya, Barmo ya tuna iskar taya. Ba wanda ya taɓa goranta wa ɗan'uwansa, ko sau ɗaya. 

Lambun ya bushe kafin damina, dabinon suka mutu a tsaye. Hannun Cindo kuwa, kafin wata babbar mota ta zo ta ɗauke shi ya riga ya ruɓe, aka yanke shi daga wuyan hannu. Barmo ya warke daga ƙunar, amma idanun biyu ba su dawo ba, inuwar mutum kawai yake gani. Ƙwarangwal kuma rairayi ya binne ta da injin lambun a cikinta.

Dangin uban yaron suna nesa, suka ce a bar shi wurin kawunnansa. Gwaggo Hajo ta raine shi da nonon akuya, ana kiransa Talle. Da ya fara tafiya, kamannin uwarsa suka fito, har ɗan karkata kai da take yi in tana jin magana. Lokacin kuma zaman tare a zangon ya ƙare wa gidan. Nomau zai tafi kudu da iyalinsa ya yi ƙwadago a gonakin mutane. Cindo zai zauna a bakin rijiya, yana nuna wa direbobi gyara da baki. Barmo ya sami ɗaki a gari kusa da tasha, inda masu shiga hamada ke zuwa ya kwatanta musu hanya. Tsakanin wuraren nan uku, wanda ya tafi ya tafi ke nan, sai dai labari.

Sai Gwaggo Hajo ta tara su. Ta ce, "Ƙafafuna sun gaji, ba zan iya bin yaron nan ba. Ba kuma zan raba shi uku ba. Ɗayanku zai tafi da shi."

Nomau ya ce, "Gwaggo, ni ke da mace a gida da yaran da zai tashi cikinsu. Injin nan shi ne abincina, na kwance shi na ba yaron tun bai zo duniya ba. Ko me na samu, da shi za a ci."

Cindo ya ɗaga dungulmin hannunsa ya ce, "Yaya, kai kana da 'ya'ya. Ni Allah bai ba ni ba. Duk abin da Baba ya koya mini yana kaina, ba ni da hannun da zan sa shi. Ku bar mini shi, kabarin kakansa ma a nan yake."

 Barmo ya ce, "Ni na goyo shi tun yana ciki. Ni na ji abin da take faɗa a hanya, sunayenku take ta kira. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, kun ce ita ya biyo. Ku bar ni ko muryar in riƙa ji."

Yaron na tsakiya yana wasa da wani tsohon noti, bai san ana yi ba. Gwaggo Hajo ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Ta san ba don injin Nomau ba da motar ba ta motsa ba, ba don hannun Cindo ba da injin bai zauna ba, ba don idon Barmo ba da ba a isa ba. Ta kuma san duk wanda ta ba, ta sake yi wa biyun rasuwar Tsahara.

To, ga ku nan, mai kaya da mai noti da mai sitiyari. Kai Sallau, daina sunkuyar da kai, da kai za a fara. A ce tsohuwar nan ta tashi, ku zauna a tabarmarta: wanda ya ba da abincinsa, da wanda ya ba da hannunsa, da wanda ya ba da idonsa, wane ne a cikinsu za ku miƙa wa Talle?