Tasalla da Itacen Allura

Dalilin da ya sa itacen allura yake zama kore shar rani da damina, yara, wata mata ce mai suna Tasalla. Ai kun san shi, dogon itacen nan mai tsini a ka, wanda ake dasawa a lambu don ado. A da can ganyensa fala-fala ne kamar na ɓaure, kuma da rani ya kama sai ya zube.

Tasalla tana zaune a wani ƙauye bisa tsauni tare da mijinta Jatau. Ita sana'arta kaɗin zare, shi kuwa falke ne. Wata rana ya dawo daga fatauci da ɗan dashe a cikin ƙoƙo. Tasalla ta dasa shi a lambun bayan gida, ta zuba masa taki, ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Safe da yamma tana ba shi ruwa, in reshe ya bushe ta datse. Cikin shekara bakwai ya wuce rufin ɗaki, har masu wucewa kan tsaya su yi kallo.

Ana nan sai ciwon ƙirji ya kama Jatau. In ya shiga ɗaki numfashinsa ya sarƙe, in rana ta taɓa shi jiri ya ɗebe shi. A inuwar itacen nan kaɗai yake samun sauƙi, don haka nan Tasalla take shimfiɗa masa tabarma kullum.

Da kaka ta wuce, Iska ta fara zagayenta na kakkaɓe ganye. Ta tuɓe kuka, ta tuɓe ɗinya, ta doso lambun Tasalla. Tasalla ta tare ta a bakin shinge ta durƙusa.

"Ranki ya daɗe, ki bar mini wannan ɗaya. Maigidana ba shi da wata inuwa."

Iska ta ce, "Baiwar Allah, ba mugunta nake yi ba, aikina ke nan. Duk ganyen da hannuna ya iya kamawa sai na tafi da shi."

"Wanda hannunki bai kama ba fa?"

Iska ta yi dariya. "Wannan naki ne har abada. Zan dawo bayan kwana bakwai."

Tasalla ta daɗe tsaye tana duban itacen. Can sai ta kama ganye ɗaya ta murza shi da yatsu, yadda take murza auduga. Ganyen ya nannaɗe ya zama siriri, bai kuwa rabu da reshensa ba. Ta ce wa itacen, "Ɗana, in na yi maka haka, faɗin ganyen nan da ake yabo ya tafi ke nan. Ka yarda?"

Itacen ya ce, "Inna, ke kika raine ni. Murza."

Ta jingina tsani ta hau. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta tana murza, reshe bayan reshe. A rana ta huɗu yatsunta suka fashe, ta ɗaure su da tsumma ta ci gaba. Jatau ya ɗaga kai daga tabarma ya ce, "Tasalla, sauko haka nan. Kada ki faɗo saboda ni."

Ta ce, "Malam, kai dai sha kununka. Saura ƙololuwa."

A rana ta bakwai Iska ta iso da ƙarfinta. Ta kai hannu, ganyen ya zame. Ta zagaya ta baya, ya sake zamewa. Ta kutsa tsakiyar rassa tana lalube, ba abin da ta samu sai wani siririn fito da ya biyo ta. Da ta gaji, ta dubi yatsun Tasalla, ta ce, "Kin ci, baiwar Allah." Ta wuce abinta.

Duk ranin nan Jatau yana kwance a inuwa. Kafin ruwan farko ya sauka ya miƙe da ƙafarsa, har shi yake ɗebo wa itacen ruwa.

Shi ya sa har yau itacen allura ba ya tuɓe rigarsa. In kuma kun tsaya a gindinsa kuka ji yana fito a hankali, Iska ce ta zo sake gwadawa, za ta koma hannu banza.