Randar Zangon Gabaruwa

Ku ajiye wayoyin nan ku dube ni, marasa kunya! Kuna wuce kango kuna toshe hanci, ba mai tambayar wa ya taɓa kwana a ciki.

A garin Gabaruwa akwai wani zango, masaukin fataken goro tun zamanin jakuna. Da kwalta ta kauce wa garin, baƙi suka ɗauke ƙafa, soraye suka zube, rijiya ta cike da ƙasa. Mai zangon, tsoho Jatau, ya makance. Kullum da la'asar yana zaure, yana jin ƙararrawar ayarin da babu shi, yana shaƙar ƙamshin goro da kanwa, yana amsa sallamar mutanen da suka daɗe da barin duniya. Sai dagaci ya aiko masa: in damina ta faɗi ba baƙon da ya sauka, za a rushe wurin a yi rumfunan kasuwa.

Jikokinsa mata uku suka tashi tsaye.

Kande ta bi tsofaffin magina har ta koyi haɗin makuba ta shafen bango. Wata biyu tana kwaɓi da yaɓe, tafin hannunta ya tsattsage, soraye suka miƙe.

Delu ta sa aka ɗaura mata igiya a ƙugu, maza na kallo, ta shiga rijiyar da kowa ke tsoro. Kwana tara tana yasa kafin idon ruwa ya buɗe.

Duk da haka ba wanda ya ratso. Azumi, wadda ko tubali ba ta ɗaga ba, ita kaɗai ke zama tana sauraron sambatun tsohon. Ta ji ya ce, "Wa ya ɗauke randar bakin hanya? Ta yaya falke zai san zango a buɗe yake?" Ta ɗauki randa da moɗa har bakin kwalta, ta cika da ruwan rijiyar. Ran nan wani direba mai furfura ya tsaya, ya sha. Ya ce, "'Yar nan, ruwan Gabaruwa ne wannan? Ashe kakana ba ƙarya ya yi mini ba." Ya sauka, ya kuma jawo wasu.

Da Jatau ya ji sallamar mai rai, sai hawaye. Ya lalubo mabuɗi a aljihu ya ce, "Zangon nan tun asali uwa ɗaya gare shi, da sunanta ake kiransa. Ba a raba shi."

To, ku masu bakin tsiwa, ku faɗa mini: tsakanin Kande da Delu da Azumi, wacce za a damƙa wa mabuɗin?